Murar da ta ƙi tafiya: maganar tsiron cikin hanci

Daga nan Dutsen Abba nake magana, kuma yau zancen hancina zan yi muku.

Shekara biyu ina cewa mura ce. Hunturu ya zo, na ce ƙura ce. Damina ta sauka, hanci bai buɗe ba. Da baki nake numfashi, minshari kuwa har ƙannena suka yi ƙaura daga ɗakina. Abin da ya firgita ni shi ne ranar da gas ke zuba a kicin, ina tsaye ban ji warin komai ba, sai da ƙanwata ta shigo a guje ta kashe.

Na je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Ya zura wata siririyar kyamara, ya ce tsiro ne a duka kafofin biyu. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ya ce in kwantar da hankali, ba daji ba ne. Fatar cikin hanci ce ke daɗewa a kumbure har ta fitar da wani nama mai laushi kamar ɓararren inabi. Ba ya ciwo, shi ya sa mutum ke daɗewa bai sani ba. Toshewar da ta haura mako 12, ga rashin jin ƙamshi, ta wuce mura. An yi min hoton siti sikan don a ga inda ya kai.

Ya tambaye ni ko ina da asma, ko asfirin na tayar min da numfashi, don sau da yawa tare suke tafiya.

To magani fa? Feshin hanci mai siteroyid kullum, ba sai ranar da ya toshe ba, kuma sai an yi makonni kafin a ga aikinsa. Nan na fara kuskure, kwana biyar na ajiye na ce bai yi ba. Sai wanke hanci da ruwan gishiri, amma tafasasshe da ya huce, kar a ɗebo daga rijiya kai tsaye. Ɗigon nan na kemis mai buɗe hanci nan take, in ya wuce 'yan kwanaki ƙara toshewa yake yi. Ƙwayar firedinisolon kuma ta ɗan lokaci ce, likita ke rubutawa.

In duk bai yi ba sai tiyata ta ƙofar hanci, ba a yanka fuska. Sai dai ko an cire yana iya dawowa, don haka feshi da komawa asibiti ba sa ƙarewa. Ni dai ban kai ga tiyata ba, kuma na fara jin ƙamshin daddawa.

Abu ɗaya: in toshewar ɓangare guda ce, tana zubar da jini, ko ido ya kumbura, kar ka jira, ka tafi asibiti. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.