Gyaran Tsarin Kiwon Lafiya a Ƙasar Konni: Majinyaci da Iyalinsa a Gaba

A asibitocin gundumomin Birnin Konni, Malbaza da Illela da wuya a ga mara lafiya shi kaɗai. A gefen gadonsa akwai mai jinya, uwa ko ƙanwa ko ɗa, wanda ke kai takardar magani famasi, ya dama kunu, ya yi wanki, ya kwana a tabarma. Haka abin yake tun daga ƙananan gidajen likita har asibitin Galmi, wanda ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950. Ke nan rabin aikin jinya yana hannun iyali, kuma gyare-gyaren da suka yi tasiri a Nijar su ne waɗanda suka rage musu wahala.

Wahala ta farko ita ce nisa. Daga 2001, shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou ya gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka, ƙarƙashin cibiyoyin kiwon lafiya da ake kira CSI, su kuma ƙarƙashin asibitin gunduma. Uwar da a dā sai an ɗora ta a amalanke da ɗanta mai zazzaɓi, yanzu tana iya goya shi ta taka da ƙafa.

Ta biyu ita ce kuɗi. Yarjejeniyar Bamako ta 1987 ta kawo tsarin biyan kuɗin magani, abin da ya sa talaka kan jinkirta zuwa har ciwo ya ci ƙarfinsa. A 2006 gwamnati ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Tsakanin 1998 da 2009 mutuwar irin waɗannan yara ta sauka daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1000. Sai dai gwamnati kan yi jinkirin biyan cibiyoyin kuɗinsu, magani ya yanke, a koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya.

Ta uku ita ce rashin sani. Ana koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ma'auni mai launi uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa tamowa ce mai tsanani, sai asibiti. Da damina ma'aikata kan bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, su ba yaro na ranar farko, uwa ta cika na kwana biyun da suka rage. Da yake izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigida, an kafa Makarantar Mazaje a jihar Damagaram da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bazu zuwa wasu jihohi, inda magidanta ke jan hankalin 'yan'uwansu kan awo da haihuwa a asibiti.

Abin da ya fi wuyar gyara shi ne tarba. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003 kan manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai, ya nuna wanda ba shi da sanayya a asibiti kan sha tsawa da dogon jira, ya fita bai san ciwonsa ba. Wannan gyara ba ya buƙatar sabon gini: a yi bayani da Hausa, a nuna wa mai jinya yadda ake shan kowane magani, a kuma bai wa wakilan gari da ke kwamitin kula da cibiya damar isar da koken jama'a.