Daga Sharada zuwa Nguru: abubuwa 7 game da ciyawar da ke cinye ruwanmu

1. Ruwan da masana'antun Sharada ke zubarwa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa. Na Bompai kuwa ta Getsi yake bi ya haɗu da Jakara, har madatsar Wasai. Abin da majemar Kano ta wanke, gobe yana bakin lambun wani.

2. Kogin Challawa da na Kano ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. A da, da rani kogin kan ja baya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ba ya yankewa, ciyawar kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin kwale-kwale, ta mamaye gonakin shinkafa har Nguru.

3. Kai ɗaya na kachala na iya ɗaukar iri sama da 200,000, iska ce ke raba shi. Cikin duhunta kuma tsuntsun jan-baki ke kwana, da asuba ya sauka kan gero.

4. Kachala tana zuƙe gubar ƙarfe daga gurɓataccen ruwa, shi ya sa a wasu ƙasashe ake dasa ta a bakin magudanar masana'antu. A Senegal da Muritaniya gawayi ake yi da ita.

5. Kainuwa dashen Allah ce, amma akwai baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin kogin Amazon. Ta shigo Najeriya ta Badagry a 1984, kuma cikin mako biyu tana iya ninka kanta.

6. Maganin baƙuwar kainuwa wani ƙwaro ne mai dogon baki, Neochetina, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Da dare yake kiwo, tsutsarsa kuma ta rarake kara har ciyawar ta nutse. A tafkin Victoria, masuntan Uganda sun yi kiwonsa da kansu suna saki a ruwa. Masu sa ido kan ɗaga ganye su ƙirga tabon cizonsa, su san ko yana aiki.

7. Kachala ba ta da irin wannan ƙwaro. A Haɗeja da Nguru gayya ake kira, a shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje. Masunci da mai lambu ne ke fara ganin inda ta tsiro. A saurare su tun tana 'yar tsit, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.