Shin shafin jakar barci na maganin sanyin tsauni?

Dubban mutane ne ke zuwa Tanzaniya a kowace shekara domin hawa Kilimanjaro, tsauni mafi tsawo a nahiyar Afirka, wanda tsayinsa ya kai mita 5,895. Ana fara tafiyar ne a cikin kurmi mai ɗumi, amma kafin a kai zangon Barafu, a sama da mita 4,600, inda akasari ake ɗan runtsawa kafin a nufi ƙololuwa da tsakar dare, sanyi kan kai ga daskarar da ruwa. Sunan zangon ma ƙanƙara yake nufi da harshen Swahili.

A matsakaici, duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Selsiyos. Idan kuwa zafin jikin mutum ya yi ƙasa da digiri 35, ya shiga haɗari: makyarkyata, rikicewar tunani, a wasu lokutan har da rasa rai.

Abin da mahaya ke dogaro da shi shi ne jakar barci, wato wani bargo da aka ɗinke kamar buhu, aka cusa masa gashin agwagwa ko zaren roba. Da yawa kuma kan zura mata wani siririn buhu daga ciki, kamar dai shafin babbar riga.

Jakar ba ta samar da zafi da kanta. Jiki ne ke ɗumama iskar da ke kewaye da shi, ita kuma ta hana iskar tserewa. Shafin yana ƙara wani rufi, ya kuma rage sararin da jiki zai ɗumama. To amma yawan ɗumin ya danganta ne da yadin. Na siliki ba shi da nauyi, ana iya dunƙule shi a tafin hannu, sai dai ɗuminsa kaɗan ne. Na ulun roba ya fi ɗumi, ya kuma fi cin wuri a kaya. Na auduga kuwa, duk da arharsa, yana shan gumi kuma ba ya saurin bushewa, shi ko jiƙaƙƙen yadi janye zafin jiki yake yi.

A nan ne ya kamata mai saye ya yi hattara. Akwai ƙa'idar Turai ta EN 13537, wadda ISO 23537 ta maye gurbinta a 2016, da ake gwada jakunkunan barci da ita ta hanyar sa mutum-mutumi mai ɗumi a cikin ɗaki mai sanyi. Alƙaluman da ke jikin kwalin shafi kuwa galibi iƙirarin kamfani ne, kuma a zahiri ƙarin ba ya wuce 'yan digirori. Wanda ya ɗauki jakar da aka yi domin yanayin zafi, ya sa mata shafi ya nufi Barafu, to zai kwana yana karkarwa.

Haka kuma shafi ba ya hana sanyin ƙasa. Nauyin jiki na danne abin da aka cusa wa jakar ta ƙarƙashi, don haka sai da shimfiɗa mai kauri tsakanin mutum da dutse.

Inda amfanin shafin ya fi fitowa fili shi ne wajen tsafta. Gumi da maiƙon jiki na sa gashin agwagwa ya cure, ɗuminsa ya ragu, ga shi wanke jakar aiki ne ja, alhali shafin ana wanke shi kamar riga. Masu hayar jaka a garin Moshi ko Arusha ma kan so shi, tun da wasu sun riga su kwana a ciki. A ɗakunan kwanan ƙungiyoyin mahaya tsaunukan Alps na Jamus da Ostiriya kuwa, tilas ne baƙo ya zo da nasa shafin, domin ba kullum ake wanke bargunan ba.