'Yan Sandan Unguwa da 'Yan Asalin Kudancin Asiya a Biranen Ingila

A watan Yuli na shekarar 2001 tarzoma ta ɓarke a unguwar Manningham da ke birnin Bradford, bayan an yi irinta a Oldham da Burnley. Matasa, akasarinsu 'yan asalin Pakistan, suka kwana suna arangama da 'yan sanda. Kwamitin da gwamnatin Birtaniya ta naɗa a ƙarƙashin Ted Cantle ya gano cewa Turawa da 'yan Asiya zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gaba: makaranta daban, unguwa daban, abokan hulɗa daban.

Ana cikin wannan hali ne dokar 2002 ta samar da jami'an da ke tallafa wa 'yan sanda, masu zagaya unguwa a ƙafa don su san mutane, mutane su san su. Zuwa 2008 an kafa tawagogin 'yan sandan unguwa a faɗin Ingila da Wales.

Sai dai ni, a matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tambayar da ba a cika yi ba: da wane harshe za a san juna? Mafi yawan 'yan Pakistan na Bradford sun fito ne daga yankin Mirpur, inda gina madatsar ruwa ta Mangla a shekarun 1960 ya tashi dubban mutane daga garuruwansu. Harshen da suke yi a gida Pahari ne, ba Urdu ba. Haka ma yawancin 'yan Bangladesh na gabashin Landan, Silheti suke yi, wanda ya bambanta da daidaitaccen Bengali. Idan aka kawo wa tsohuwar da aka yi wa sata tafinta mai Urdu, a takarda an cika ƙa'ida, amma rabin ƙorafinta na iya salwanta a hanya. Kuma idan aka ce dattawan masallaci su yi magana a madadin kowa, to ina muryar mata, ina ta matasan da aka haifa a can, waɗanda Turanci ne bakinsu?

Babbar matsalar kuwa ita ce cakuɗa aikin unguwa da leƙen asiri. A 2010 aka bankaɗo cewa kyamarori fiye da 200 da aka kafa a unguwannin Sparkbrook da Washwood Heath na Birmingham, masu yawan Musulmi, da kuɗin yaƙi da ta'addanci aka sayo su, alhali an shaida wa jama'a cewa na maganin ɓarayi da 'yan iskan gari ne. Shugaban 'yan sandan yankin, Chris Sims, ya nemi afuwa, aka kuma cire su a 2011. A ganina, wanda aka yaudara haka zai daɗe bai sake buɗe wa ɗan sanda cikinsa ba, ko da kuwa da harshen uwarsa aka gaishe shi.

Daga 2010 kuma tsimin kuɗin gwamnati ya zaftare jami'an tallafin nan, har yawansu ya ragu da fiye da rabi kafin 2023.