INGILA: HARAFIN Q, KO YADDA LAMBA KE KARYA KUƊIN MOTA

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko mota daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ya biyo da ita ta Gaya har Maraɗi ko Damagaram, ya san cewa kafin a buɗe gaban mota a dubi inji, takardunta ake fara tambaya. Motar da kart giriz ɗinta da takardun duwan suka cika, kuɗinta daban ne da wadda ake kame-kame a kan asalinta, ko da kuwa ranar ɗaya suka fito daga masana'anta. A ƙasar Ingila wannan al'amari ya kai inda mai saye ba ya ma buƙatar a miƙo masa takarda. Daga nesa, da ya hango lambar da ke manne a gaban motar, ya riga ya san shekarunta, ya kuma fara yanke abin da zai taya. Babu inda abin ya fi fitowa fili kamar a kasuwar motocin haɗi.

Mece ce motar haɗi?

Motar haɗi ita ce wadda kamfani ke sayar wa mutum a warwatse: shasi, gangar jiki, ƙarafa da kusoshi cikin akwatuna, shi kuwa ya kai gida ya harhaɗa da hannunsa a garajinsa, wani lokaci cikin watanni, wani lokaci cikin shekaru. Haraji ne ya raya wannan sana'a. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Ingila na ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma wannan haraji bai shafi motar da aka saya gunduwa-gunduwa ba. A shekara ta 1957 Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fito da wata ƴar ƙaramar mota mai kujeru biyu, marar rufi, mai suna Seven, kuma da yawa a warwatse aka saye ta. A 1973 aka shigo da sabon haraji irin wanda ake kira TVA a nan, rangwamen ya ƙare, Lotus kuma ya sayar wa kamfanin Caterham izinin ƙera motar.

Duk da haka sha'awar ba ta mutu ba. Kamfanoni irin su Westfield sun biyo baya, wasu kuma suka shiga kwaikwayon shahararrun motocin tsere irin su Cobra. Mafi yawan masu haɗin ba su da ƙarfin sayen komai sabo. Sai mutum ya nemi tsohuwar mota mai araha, galibi Ford Cortina ko Ford Sierra, daga baya kuma Mazda MX-5, ya ciro inji da giya da ƙafafu, ya dasa su a sabon shasi. A 1996 wani mai suna Ron Champion ya wallafa littafi yana koya wa mutane yadda za su ƙera irin wannan mota da fam 250 kacal. To, da zarar an gama haɗi sai tambaya ta taso: motar da shasinta na bana ne, injinta na shekaru talatin da suka wuce, shekararta nawa?

Lamba mai faɗin shekaru

Tambayar tana da nauyi domin tun 1963 lambar mota a Ingila na ɗauke da shekarar da aka yi mata rajista. Daga 1963 zuwa 1983 harafin ƙarshe ne ke nuna shekara. Daga watan Agusta na 1983 aka maido harafin farkon lamba: A na nufin Agustan 1983 zuwa Yulin 1984, G kuma Agustan 1989 zuwa Yulin 1990. Tun watan Satumba na 2001 alƙaluma biyu ne a tsakiya ke wannan aiki, ana canja su a Maris da Satumba: 25 na motar Maris ɗin 2025 ne, 75 kuma na Satumbar wannan shekarar. Lamba kan bi mota har ƙarshen rayuwarta, ko ta canja hannu sau goma.

Hukumar DVLA, mai mazauni a birnin Swansea na yankin Wales, ita ke raba lambobin, kuma ga motar haɗi tana da ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce sabuwar lamba. Ana ba da ita ga motar da kayanta duka sababbi ne, da rasiɗai da shaidar kamfani. An yarda babban sashe guda ɗaya, misali inji, ya zama tsoho, muddin an sabunta shi ya koma kamar sabo, da takardar da ke tabbatar da haka. Irin wannan mota tana fitowa da lambar bana kamar kowace mota ta shago, ba a neman ta da wizit teknik, wadda can suke kira MOT, sai ta cika shekara 3, kuma ita ta fi kowace tsada idan aka zo sayarwa.

Ƙofa ta biyu ita ce lambar da ta dace da shekarun tsohuwar motar da aka ciro kaya daga jikinta. Sharaɗin shi ne sabon shasi daga kamfanin haɗi, da manyan sassa aƙalla biyu daga tsohuwar mota guda, tare da kart giriz ɗinta, wadda ake kira V5C. Wanda ya yanka Sierra ta ƙarshen 1989 zai samu wata lamba mai farawa da G. Masu motocin kwaikwayo sun fi kowa son wannan ƙofa, domin tsohuwar lamba ta fi dacewa da mota mai siffar zamanin da.

Wanda ya kasa shiga ɗaya daga cikin biyun nan, sai ƙofa ta uku: lamba mai farawa da Q. An fito da ita a 1983, kuma Q na cikin haruffan da ba a taɓa ba wata shekara ba. Ma'anarta a taƙaice: hukuma ba ta iya tabbatar da shekarun wannan mota ko asalinta ba.

Abin da ke karya kuɗin Q

Laifin Q na farko shi ne abokan zamanta. Ba motocin haɗi kaɗai ke samun ta ba. Motar da aka sace aka goge lambar shasinta kafin a gano ta, da wadda aka shigo da ita daga waje ba takardar shekaru, da wadda aka harhaɗa daga ɓaraguzan motoci daban-daban, duk Q ake manna masu. Saboda haka mutumin da ya share shekara uku yana aiki mai tsabta, amma ya ɗauko inji daga nan, giya daga can, bai adana takardun ba, sai ya tarar an jera motarsa layi ɗaya da waɗanda ake zargi. Mai saye da ba masani ba, da ya ga harafin, sai ya ja da baya.

Na biyu, Q ba ta ɓoyuwa. Turawan Ingila na da al'adar sayen lamba ta musamman, mai haruffan sunansu ko wadda ba ta nuna shekara, kuma DVLA da kanta tana gwanjon irin waɗannan lambobi. Doka ta hana a ɗora irin wannan lamba a kan motar da ke da Q, ta kuma hana a ɗauke Q a kai wa wata mota. Fita daga Q sai an kawo hujjar shekaru a rubuce, abin da ke da wuya ƙwarai bayan an riga an yi rajista. Mai Cobra ta kwaikwayo da ya kashe dukiya don motarsa ta yi kama da ta 1965, harafi ɗaya ya tona masa asiri a kowace mahaɗar hanya.

Na uku, asiransi. Manyan kamfanoni suna lissafin kuɗinsu ne bisa samfurin mota da shekararta, saboda haka da yawansu ba sa karɓar Q, sai mai motar ya nemi kamfanonin da suka ƙware a motocin haɗi. Idan aka haɗa waɗannan dalilai uku, masu neman motar sun ragu, kuma kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke samun hajar da masu tayinta suka yi kaɗan. Karyewar ta fi tsanani a manyan motocin kwaikwayo masu tsada. A ƙananan motoci irin na Seven, waɗanda ake saye don gudu a filin tsere ranar hutu, bambancin bai kai haka ba.

Q ma tana da ranarta

Masana kasuwar ba su ɗauki Q abin gudu ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: wanda ya saye ta da rahusa, da rahusa zai sayar, bai yi asara ba. Ban da haka, tsofaffin motocin haɗi masu Q, waɗanda suka hau hanya kafin 1998, a wajen gwajin hayaƙi ana lissafa su kamar motocin da suka girmi Agustan 1975, wato da ido kawai ake duba hayaƙin, ba a sa na'ura. Ga mai tsohon inji wannan sauƙi ne babba.

Haɗarin gaske yana wani wuri dabam. Kafin 1998 ba a tsananta bincike ba, kuma mutane da dama sun haɗa mota suka manna mata lambar tsohuwar motar da suka yanka, ba tare da sun sanar da hukuma ba. Har yau akan ci karo da ƴar motar tsere mai kujeru biyu wadda takardarta ke cewa Ford Sierra ce mai ƙofa huɗu. Lambarta ta fi Q kyan gani, amma rajistarta ba daidai ba ce. Kamfanin asiransi na iya ƙin biya ranar haɗari, kuma gyaran takardun na iya tilasta wa motar shiga babban gwajin da aka kafa a 1998 da sunan SVA, wanda IVA ya maye gurbinsa a 2009. A wannan gwaji ana duba birki, fitilu, maɗaurin kujera, ƙarar inji, har da kaifin ƙarafan da ka iya yankar mai tafiya a ƙasa, kuma tsohon haɗi ba safai yake tsallakewa ba sai an sake kashe kuɗi. Mai Q aƙalla ya je gaban hukuma ya faɗi gaskiya, an rubuta motarsa da sunanta.

Shi ya sa tsofaffin hannu a wannan sana'a ke gargaɗin sabon shiga cewa lambar motarsa tana yankuwa ne tun ranar da ya sayi tsohuwar motar da zai yanka, tun bai ɗaura kusa ko ɗaya ba. Ya karɓi V5C ɗinta, ya ɗebi manyan sassan daga jikinta ita kaɗai, ya adana kowane rasiɗi, ya ɗauki hotunan aikin daki-daki. Mai saye kuma kada ya yi cinikin biri a sama: ya gwada sunan da ke kan takarda da motar da ke gabansa, ya gwada lambar shasi da ta inji, sa'an nan ya yi maganar kuɗi. Jakar takardun da ba ta kai nauyin sifana guda ba, ita ce ke raba farashin motoci biyu da ido ba ya iya bambantawa.