Gasasshen Dankali a Minti Bakwai: Maikirowef da Girkin Gida

 Yau kicin za mu shiga. Uwargida a gyara zama, amarya a matso kusa, maigida kai ma kada ka murɗa tasha.

Akwai wani akwati mai ƙofar gilashi da ya shiga jerin kayan amare a birane, wato maikirowef. A gidaje da yawa an ɗora shi bisa kanta an lulluɓe da ƙyalle mai ado, ba a tunawa da shi sai za a ɗumama shinkafar jiya. Wasu kuma tsoronsa suke yi, sun ji an ce yana lalata abinci. Ni a ganina rashin sanin halinsa ne ya jawo duka biyun. Wanda ya gane yadda yake dafa abu zai san abin da zai ba shi da abin da zai bar wa murhu, kuma dankali ne ya fi saurin koya wa mutum wannan darasi.

Asalin na'urar daga kayan yaƙi ne. A shekarar 1945, wani injiniya Ba'amurke mai suna Percy Spencer, maraya wanda ko firamare bai gama ba, yana aiki a kamfanin Raytheon mai ƙera kayan rada, na'urar hango jiragen sama. Yana tsaye kusa da bututun da ke fitar da igiyoyin radar sai ya ji alewar da ke aljihunsa ta narke. Ya sa aka kawo masara, ta fashe ta zama gugguru. Aka gwada ƙwai, ya tarwatse. Na farko da kamfanin ya fitar kasuwa a 1947 ya kai tsayin mutum, nauyinsa ya haura kilo 300, sai manyan gidajen abinci da jiragen ruwa. Sai a 1967 aka samu ɗan madaidaici da za a ɗora a kan teburin kicin.

To yaya yake dafa abinci alhali babu harshen wuta? Wannan bututun da ake kira maganetaron yana nan a ciki har yau. Igiyoyin da yake fitarwa suna kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa guda, kuma ruwan da ke cikin abinci suke nema. Suna jujjuya ƙwayoyin ruwan gaba da baya, wannan jujjuyawar ce ke zama zafi. Ku riƙe wannan da kyau, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya: maikirowef ruwan jikin abinci yake zafafawa, shi ya sa girkinsa ya fi kusa da turare irin na dambu a madambaci, ya yi nisa da gashi.

Ana yawan cewa daga tsakiya yake fara dafawa. Ba haka ba ne. Igiyoyin suna kutsawa ne kamar santimita ɗaya zuwa biyu, daga nan zafin ke rarrafawa da kansa zuwa ciki. Kuma ba ko'ina suke kai wa daidai ba a cikin akwatin, wani gurbi ya yi zafi, wani ya tsaya da sanyi. Dalilin faifan gilashin da ke juyawa ke nan.

Mu zo kan dankali. A Ingila gasasshen dankalin turawa da ɓawonsa abincin rana ne na kowa da kowa. A tsaga shi, a sa man shanu, a zuba cuku ko waken gwangwani ko kifi. A obin yakan ci awa guda ko fiye, shi ya sa da maikirowef ya yaɗu a gidajensu dankali na cikin abubuwan farko da suka miƙa masa. Mu ma ba baƙinsa ba ne. Ga na turawa da manoman Bokkos da Mangu da Barkin Ladi a jihar Filato ke cika kasuwanninmu da shi, ga dankalin Hausa da yara ke binnewa a toka mai zafi lokacin hunturu.

Uwargida, ki zaɓi na turawa mai tauri wanda bai yi yaushi ba. Duk inda kika ga ya yi kore ko ya fara tsiro, ki yanke wajen ki zubar, in koren ya yi yawa ki haƙura da shi gaba ɗaya. Akwai wata guba mai suna solanin da ke taruwa a nan, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ki wanke shi tas tunda da ɓawonsa za a ci, ki goge, sannan ki ɗauki cokali mai yatsu ki caccake shi ta kowane gefe. Kada ki tsallake wannan caka. Ruwan cikinsa zai zama tururi, in bai samu ƙofar fita ba zai iya fasa dankalin ya watsa miki shi a bangon na'urar. Ki ɗan shafa masa mai da gishiri, ki ɗora a farantin tangaran.

Babba guda ɗaya mai cika tafin hannu, a na'ura mai ƙarfin wat 800 zuwa 1000, zai ci kamar minti 6 zuwa 7. Ki ba shi minti 3, ki buɗe ki juya shi, ki ƙara 3, sai ki soka wuƙa. In ta shige sumul har tsakiya ya yi, in ta ci karo da tauri ki riƙa ƙara minti ɗaɗɗaya. Dankalin Filato sau da yawa bai kai wannan girman ba, don haka ki fara dubawa tun a minti 4. Na Hausa ma haka ake yi masa, sai dai shi siriri ne a baki da wutsiya, nan ne ke fara bushewa in an zarce. Idan guda uku ko huɗu ne, ki jera su zagaye a gefen faranti ki bar tsakiya fili, ki kuma san lokacin zai ƙaru sosai, don ƙarfin ɗaya ne suke rabawa. Wannan ne ma iyakar na'urar: gida mai mutum goma sha biyar, tukunya ta fi muku sauri.

Da na'urar ta yi ƙara ta tsaya, kada ki yi gaggawa. Ki bar shi ya huta minti 2 ko 3. A wannan hutun ne zafin gefe ke ƙarasa shiga tsakiya, kuma mafi yawan masu cewa maikirowef na barin tsakiyar dankali ɗanye, hutun nan suka hana shi.

Akwai abin da ba zai ba ku ba, gara a faɗa. Ɓawon zai fito da laushi, babu wannan ƙamshin gashi, babu ƙauri mai daɗi. Abinci ba ya yin ja ya yi ƙamshi sai zafin fatarsa ya kai wajen digiri 140, shi kuwa abu mai ruwa-ruwa ba ya wuce 100, inda ruwa ke tafasa. Maganin abin mai sauƙi ne. Bayan ya nuna, ki tsaga shi biyu ki kifa a kasko mai ɗan mai, ko ki ɗora a waya bisa garwashi na 'yan mintuna. Na'ura ta yi aikin ciki, wuta ta yi na waje. Daga nan sai abin da ran mutum ke so. Ni dai ban ga abin da ya kai soyayyen man shanu da yajin ƙuli da ɗanyar albasa ba, amma dambun nama ko miyar ƙwai ma suna zama da shi daram.

Wasu sun ga ana naɗe dankali a takardar foyil ta alminiyam. Wannan na obin ne da garwashi, a maikirowef tartsatsi zai yi. Ko a obin ɗin ma, a warware foyil da zarar an sauke. A 1994 a garin El Paso na jihar Texas, mutum 30 sun kamu da botulizim, cuta mai shanye jijiyoyi, daga dankalin da aka gasa a foyil aka bar shi a naɗe na kwanaki ba a firji ba. Ƙwayar cutar a ƙasa take rayuwa, kuma wurin da iska ba ta shiga take so.

Sai ɗumame, wanda nan ne na'urar ta fi yi mana rana. Malmalar tuwo a cire ta daga leda tukuna, don Allah. Leda ba a yi ta don wannan zafin ba, takan narke ta manne wa abinci. A sa tuwon a tangaran, a yanka shi gida biyu ko uku, a yayyafa ruwa, a rufe amma a bar kafar da tururi zai fita. Miya kuwa a tsaya a tsakiyar lokaci a juya ta, sai ta yi zafi ko'ina tana tururi. Shinkafa tana da nata sharaɗin. In ta kwana a waje cikin zafin nan namu, wata ƙwayar cuta kan bar guba a cikinta wadda ɗumamawa ba ta karyawa, komai zafin. Tun da dare ake ceton shinkafa, a sa ta a firji da ta huce.

Langa da samira da tasa da duk kwanon ƙarfe ba sa shiga. Haka farantin tangaran mai zanen ruwan zinare a baki. Masu yin alale a gwangwanin madara su koma kofin tangaran, a shafa mai, a cika rabi, a rufe, 'yan mintuna ya nuna. Alayyafo da karas da kabeji suna dahuwa da cokali biyu na ruwa kacal, kuma da yake ba a tsiyaye ruwa an zubar ba, sinadaran gina jikinsu sun fi tsira a kan tafasawa a tukunya. Ƙwai da ɓawonsa kada a kuskura. Madarar jariri ma a bar ta, don kwalbar kan yi ɗumi a hannu alhali wani sashe na ciki zai ƙona bakin yaro.

Masu tsoro kuma, ku kwantar da hankali. Igiyoyin nan dangin na rediyon da kuke saurare ne, ba irin hasken ɗaukar hoton ƙashi na asibiti ba ne, kuma ba sa zama a cikin abinci. Da an buɗe ƙofa suke ɗaukewa. Ragar ƙarfen da kuke gani a gilashin ƙofar ita ke tsare su, don hudojinta sun yi musu ƙanƙanta. Abin lura ɗaya ne: in ƙofar ta lanƙwashe ko ta daina rufuwa ruf, a daina kunnawa sai mai gyara ya duba. Kada kuma wani ya kwance bayan na'urar da kansa, akwai wutar da ke maƙalewa a ciki ko bayan an zare soket, tana iya kisa.

Maigida, ga naka lissafin. Na'urar da aka rubuta wa wat 800 takan ja kusan 1200 daga soket, don haka ƙaramin janaretan nan na fitila da fanka ba zai ɗauke ta ba. Amma a mita ba ta da ci: minti 10 kashi ɗaya ne cikin biyar na yunit guda, alhali obin na lantarki zai lashe fiye da yunit kafin dankalin ya nuna. In wuta ta zo ba ƙarfi, girkin zai ja lokaci, gara a jira ta daidaita.

Idan ta hannu za ka saya, juya bayanta ka karanta takardar da ke manne. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana bolt 220 zuwa 240 ce. Wadda aka yi don Amurka 120 take sha, in ka jona ta kai tsaye ta ƙone nan take. Ka duba ciki ko akwai tsatsa ko fenti ya ɓare, ka buɗe ƙofar ka rufe ka ji ta kama. Sannan ka ce mai shago ya sa kofin ruwa ya kunna minti 2. Faifan ya juya, ruwan kuma ya fito da zafin da yatsa ba zai iya shiga ba. In ɗumi-ɗumi ya fito, maganetaron ɗin ya gaji, ka mayar da kuɗinka aljihu.