Gansakuka da Hasken Rana

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san gansakuka, amma ba duka ce iri ɗaya ba. Akwai wata kore mai sirkin shuɗi, wadda masana suka gane ba tsiro ba ce. Taron ƙananan halittu ne dangin bakteriya, ba a ganin ɗaya sai da madubin likita.

Da haske ta ke haɗa abincinta. Launinta ne ke kama hasken, sa'an nan ta haɗa ruwa da iskar da mu ke fitarwa in mun yi numfashi, su zama sukari. Da rana ta tara, da dare ta ci abin da ta tara. In haske ya yi ƙaranci sai ta ƙara launi domin ta kama ɗan abin da ya samu, ta yi duhu, girmanta ya yi nawa. In ya ƙaru, girma ya ƙaru, amma da iyaka. Rana in ta cika zafi sai ta ɓata mata kayan aikin, ta koɗe, girma ya tsaya.

Waɗansu irinta suna da 'yan jakunkunan iska a cikinsu, su ke sa ta taso sama. In ta ƙoshi, sukarin ya yi mata nauyi, sai ta nutse; in ya ƙare, ta sake tasowa.

Sanin wannan yana da amfani. A ƙasar Kanem, kusa da Tafkin Chadi, matan Kanembu suna kwasar wani irinta a tafkunan kanwa, su shanya, su yi miya. Suna ce da ita dihe. Masu noma ta yau kududdufi marar zurfi su ke yi, suna motsa ruwan domin kowace ta sami rabonta na haske. Amma wani irin dafi gare shi. A 1878, a tafkin Alexandrina na Ostireliya, tumaki da dawaki suka sha ruwan da ta rufe, suka mutu. Saboda haka ruwan da ya kwanta a rana, ya yi kore kamar an zuba fenti, kada a shayar da dabba a ciki.

Gani ya kori ji. Ran da aka ba ku aji, ku cika kwalabe 3 da ruwan kududdufi, ɗaya a ɗaki mai duhu, ɗaya a inuwar itace, ɗaya a tsakar rana. Bayan mako 2 yara su gwada launinsu da idonsu. Allah ya ƙara mana sani.